Kun taɓa cin karo da garinku a cikin littafi? Tambaya ga makaranta na Kamaru da Chadi

Maman Hanifa, Garwa:

Assalamu alaikum. Tambayata ga masu karanta littattafan Hausa ce daga wannan gefen iyaka. Kusan duk abin da muke karantawa daga Najeriya yake zuwa, ta WhatsApp da Telegram da Wattpad, mu biya kuɗinmu mu zauna jiran shafi na gaba. Ta haka na san Hotoro da Gwammaja a Kano, na san Maitama da Asokoro a Abuja, alhali iyakacin tafiyata Yola.

A watan nan na gama wani littafin soyayya da aka ce jarumarsa 'yar Kamaru ce. Wallahi da murnata na shiga. Marubuciyar ta iya jan zaren labari, akwai wurin da sai da na yi hawaye. Amma har na kai ƙarshe ba a faɗi garin yarinyar ba, Kamaru kawai. Abin da aka ba ta shi ne dogon gashi, farar fata, uba mai shanu, da Faransancin da take yi in ranta ya ɓaci. Kafin babi na huɗu an kai ta Abuja, ba a sake waiwayar gida ba. Babu Binuwai, babu zafin Afrilu da ke fitar da mu kwana tsakar gida, babu motocin auduga, ko Fulatancin da kowa ke ciniki da shi a kasuwa babu. Abin ya tsaya mini a rai. A cikinku wa ya taɓa ganin garinsu a littafi, kuma yaya ya ji?

Ummu Abdallah, Njamena:

Wa alaikumus salam Maman Hanifa. Mu 'yan Chadi wurinmu ɗaya ne a littafi. In an sa ranar biki sai a ce an ɗauko mai gyaran jiki daga Chadi. Ta zo da dilka da humra da turaren wuta, ta killace amarya a ɗaki, amarya ta fito tana sheƙi, daga nan ba a ƙara jin ɗuriyar matar. Sau tari ko suna ba a ba ta. In ba haka ba, a ce kakar jarumin Shuwa ce, don a samo masa dogon hanci.

Ban ce ƙarya suke yi ba, sana'ar tamu ce kuma muna alfahari da ita. Abin da ke yi mini ciwo shi ne na san matar nan. Goggona ce. Mijinta ya rasu ya bar mata yara ƙanana, da gyaran amare ta ci da su har suka zama mutane. Takan haye gadar Ngeli zuwa Kuseri da kwalabenta a jaka, ta yi fama da masu bincike a bakin iyaka, ta kwana gidan mutanen da ba ta sani ba, ta ji sirrin da uwar amarya ma ba ta ji ba. Ta ga amaryar da ke kuka don ba ta son mijin, ta ga wadda ke ɓoye ciwo don kada a fasa. Lokacin ambaliyar 2022 ruwa ya ci ɗakin da take ajiye itacen turarenta, ta sake farawa daga tushe ba ta roƙi kowa ba. Duk sanda na ga an ambaci mai gyaran jiki an wuce, sai in ce a raina, ga mai labarin nan a tsaye bakin ƙofa an bar ta.

Hajiya Babba, Ngaundere:

'Ya'yana, ku yi wa marubutan nan adalci. Mutum abin da ya sani yake rubutawa. Yarinyar da ta tashi a Kano ina za ta san unguwar Baladji ta nan Ngaundere? Ni kam suna da haƙƙi a kaina. Makarantar Faransanci na yi, da farko in na ga "ciki" sai in karanta "siki", haruffa masu lanƙwasa kuwa ban san da su ba sam. Kawuna ne yake zuwa mana da littattafan daga Mubi, masu siririn bango, na ɗaya na biyu na uku, muna ta aro gida-gida har bangon ya rabu. A kansu na koyi karanta harshen da aka haife ni a cikinsa. Kuma ni in na ɗauki littafi bayan isha'i hutu nake nema. Garinmu tun asuba nake kallonsa da idona. A kai ni Dubai ɗin, ina so.

Maman Sadik, Marwa:

Hajiya, Allah ya ƙara girma, maganarki tana kan hanya, ni ma ina karanta na hutun. Amma ni na ga garinmu a littafi, kuma abin da na ji ya bambanta da duk karatun da na taɓa yi.

Littafin Djaïli Amadou Amal nake nufi, haifaffiyar nan Marwa. Ya fara fitowa a Yawunde a 2017 da sunan Munyal, daga baya aka sake buga shi a Faransa da sunan Les Impatientes, ya ci kyautar adabi ta Goncourt ta 'yan sakandare a 2020. Mata uku ne ke ba da labari, kowace da bakinta: 'yan mata biyu 'yan uba da aka aurar ba da sonsu ba, sai uwargidan da aka kawo wa ɗayarsu a matsayin kishiya. Gidan Fulani ne, mu Hausawa ne, amma katanga ce kawai tsakaninmu, kuma nasihar da ake yi wa amarya ranar kai ta iri ɗaya ce. Yi haƙuri, yi haƙuri, aure haƙuri ne. Ni ma ita aka cika mini kunne da ita.

Da Faransanci aka rubuta shi, Innarmu kuwa ba ta yi boko ba. Sai na riƙa karanta mata da daddare ina juya mata da Hausa. Da muka zo kan yarinyar da aka ba ɗan uwanta mai shaye-shaye yana dukanta, ta kai ƙara gida a mayar da ita, Inna ta ce in dakata. Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta kira sunan wata ƙanwarta da ta rasu tun ban yi wayo ba. A daren nan na san yadda aurenta ya kasance da abin da ya yi ajalinta, maganar da ba a taɓa yi a gabanmu ba. Littattafan Kano sun sha sa ni kuka, amma in na kashe waya kukan ya wuce. Wannan har yau bai sake ni ba.

Sai dai akwai abin da ya dame ni. Turawa sun karanta shi sosai, mutanen kudu ma haka. Wata abokiyar aikina 'yar Duwala ta tare ni da tausayi a fuskarta tana tambaya ko ni ma dole aka yi mini. Ni kuwa sai da Baba ya zaunar da ni ya ji ta bakina kafin ya karɓi sadaki. Abin da ke cikin littafin yana faruwa, na rantse yana faruwa, a unguwarmu ma. Amma ba shi ke nan Marwa ba, kuma ba laifin marubuciyar ba ne in aka ɗora wa littafi ɗaya nauyin yin magana da yawun gari guda. Na biyun nata da na karanta, Cœur du Sahel na 2022, kan 'yan matan ƙauyukan duwatsu ne da ke saukowa aikatau gidajen Marwa. Shi kuma mu ya taɓa, mu masu ɗaukar 'yan aikin, kuma ya fi na farkon wuyar haɗiya a wurina.

Baban Yusuf, Kuseri:

Salamu alaikum. Na ga iyayenmu mata ne suka fi yawa a nan, a yi mini izini. Ni littattafan yaƙi nake bi, na sadaukai da matsafa da aljanu. Babbar mota nake ja tsakanin Marwa da Kuseri, kuma duk wanda ya san hanyar Mora da Waza da Dabanga ya san ba a gaggawa a kanta. In na samu intanet sai in sauke karatun murya daga YouTube, in saurara a hanya ko in mun yada zango.

Abin da na lura, birnin kullum a Misra yake, ko Hindu, ko Sin, ko wata ƙasa da aka ƙirƙiro, sadaukan kuma duk sunan Larabawa gare su. Ina jin daɗinsu ƙwarai. Amma ku duba abin da ke ƙarƙashin ƙafarmu. A nan Kuseri aka kashe Rabe a 1900, mutumin da ya taso daga Sudan ya ci Borno ya zauna Dikwa. A yaƙin ne kwamandan Faransa Lamy shi ma ya mutu, shi ya sa aka riƙa kiran Njamena Fort-Lamy har 1973. Kotoko suna ba da labarin kakanninsu Sawo, wai ƙattai ne da maharbinsu ke saɓo giwa a kafaɗa, kuma ga manyan tukwanensu da mutum-mutumin yumɓu da aka tono, akwai su a Gawi kusa da Njamena. Wanda ya je Rumsiki ya ga duwatsun nan da suka miƙe sama kamar an kafa su da hannu. Me ya rage wa mai rubuta littafin aljanu? Ni dai ban taɓa jin sunan garinmu a ciki ba, amma duk sanda mai karatu ya kawo dutsen da matsafi ke zaune a kai, Dutsen Mindif nake gani.

Ɗalibar Jami'ar Ngaundere, Dang:

Ni na fi son littattafan da ke taɓa rayuwar yau, shaye-shaye, mutuwar aure, fyaɗe, ciwon damuwa. Matsalata ta farko Turanci ce. In jarumar likita ce ko lauya, rabin hirar da Ingilishi ake yi, mu kuwa da Faransanci muka tashi. Sai in kwafi layin in kai wa manhajar fassara, kafin in dawo zafin wurin ya huce. Ta biyu biya. Lambar asusun bankin Najeriya ake bayarwa, mu kuɗinmu yana waya da sefa, sai dai ta hannun ɗan canji ko 'yar uwa a Yola. Tun da naira ta faɗi a 2023 kuɗin littafi ba wani mai yawa ba ne in an juya shi, hanyar isar da shi ce wahala.

A kan maganar biyan ne na samu magana da wata marubuciya ni da ita. Ta yi mamaki ƙwarai da ta ji tana da makaranta a Kamaru, ta ce in ba ta labarin garin. Na riƙa tura mata saƙon murya. Na gaya mata jirgin ƙasan da ke tashi da yamma ya kwana a hanya ya isa Yawunde da safe, da sanyin Ngaundere, da dutsen nan da ke saman gari, da fadar Lamiɗo, da yadda ɗalibai ke cika mota daga cikin gari zuwa jami'a. A littafinta na gaba sai ga jarumin ya zo Ngaundere neman ƙanwarsa da ta gudu daga gida. Babi biyu ne kacal. Ta sa shi yana biyan mai babur da naira, amma tashar jirgin ta fito daidai, har da masu tallar zuma. Jikina har rawa yake ina karantawa. Duk 'yan ɗakinmu sai da na sa suka karanta, har wadda ba ta jin Hausa sosai.

Maman Hanifa, Garwa:

Hajiya, ba zarginsu nake ba, Allah ya sani ina son su. Amma can sunan da aka fi saninmu da shi na madatsar ruwan Lagdo ne, in damina ta yi nisa aka fara maganar sakin ruwa, alhali muna cikin masu sayen littafinsu. Abin da ƙanwarmu ta Dang ta yi ya burge ni, zan gwada. Sai dai labarin Goggo ba zai yiwu da saƙon murya ba. Ummu Abdallah, ke kika san ƙamshin ɗakin nan, ke ya kamata ki rubuta shi.

Ummu Abdallah, Njamena:

Na sha tunanin haka Adda. Larabci da Faransanci na yi a makaranta, rubutun Hausata bai tsaya ba, ina tsoron a yi mini dariya. Kuma sai na nemi izinin Goggo, don sirrin mutane ne a hannunta.

Hajiya Babba, Ngaundere:

Ki nemi izinin, ki sauya sunaye da garuruwa. Gyaran rubutu ki bar mini, ki turo shafi-shafi. Amma ki sa mata ɗan daɗi a ciki, kada ki bar ta cikin wahala daga farko har ƙarshe.

'Yar Wandala, Mora:

Ni na ga Mora a wani littafi da na karanta bara, kuma da ma ban gani ba. Layi ɗaya ne, inda aka ce 'yan bindiga sun tsallako da yarinyar da suka sace. Shi ke nan abin da aka sani namu. Babanmu yana da shago a da, yana kawo kaya daga Maiduguri ta Banki da Amchide, a cikin kayan har da littattafan Hausa da muke bayarwa haya. Tun rikicin 2014 hanyar ta mutu masa, shagon ya tafi. Mun ga tashin hankali, ba na musu, mun binne mutane. Amma a garin nan akwai fadar Sarkin Wandala, akwai kasuwar Lahadi da mutanen dutse ke saukowa tun da sassafe, ana aure ana suna, ana soyayya kamar ko'ina. Yayata a cikin shekarun dokar hana fitar dare aka nemi aurenta, saurayin yana zuwa zance da la'asar yana kallon rana.

Adda Maman Sadik, littafin nan na 'yan aikatau nake son karantawa, ƙauyukan da ake maganarsu kusa da mu suke. Faransancinsa mai nauyi ne? Kuma in ana ba da aro, yayana yana shigowa Marwa duk mako.