Wa gizo-gizo ya taɓa ciza a cikinku?

Uwar yara daga Zariya: Salamu alaikum 'yan'uwa. Ɗana ya tashi da ƙuraje masu ruwa a wuya, a jere kamar an ja layi. Kakarsa ta ce fitsarin tautau ne. Hankalina ya ƙi kwanciya. Wanda ya taɓa gani ya taimaka mini.

Magidanci daga Kaduna: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Ni dai gizo-gizo na gaske ya cije ni, na kuma gan shi. Na zura hannu ƙarƙashin tsohuwar kujera a sito, sai na ji kamar tsinin allura. Ɗan ƙarami ne, ruwan ƙasa, da tabo ruwan lemo a cikinsa, ga ƙwansa kusa mai tsini-tsini kamar ƙarangiya. Kafin awa guda zafin ya hau har hammata, gumi na karyo mini, cikina ya ɗaure tamau kamar katako. Ƙanena ya zaci afendis ne. A asibiti aka yi mini allurar kashe zafi, likita ya ce dafinsa jijiyoyi yake tsokana, shi ya sa naman jiki ke murɗewa. Kwana 2 ban yi barcin kirki ba. Abin mamaki, wurin cizon ɗan ja kawai ya yi, ko ƙurji babu.

Ma'aikaciyar jinya: Yaya, ƙuraje a jere da damina galibi aikin wani siririn ƙwaro ne mai ja da baƙi da ke bin hasken fitila. Ba ya cizo, murƙushe shi a fata ne ke ƙona ta. Idan kuma gefe guda suka fito da raɗaɗi, wataƙila ƙwayar cutar ƙarambau ce ta farfaɗo. Don Allah kar a shafa toka ko man birki. A wanke da sabulu, a kai shi a duba.

Ɗalibi a Amurka: Nan Oklahoma akwai wani gizo-gizo mai ɓuya cikin takalma da kwalaye. Ya ciji abokin zamana a cinya, bai ma ji ba. Bayan kwanaki wurin ya yi baƙi, nama ya mutu ya rufta, makonni ana wanki. Yanzu ba na saka takalmi sai na kakkaɓe.

Uwar yara daga Zariya: Na gode ƙwarai. Jiya kuwa a ƙarƙashin fitila ya yi karatu. Gobe da sassafe za mu je, in sha Allahu.