Neman kalma: me za mu kira "firesha" ta man mota kafin ranar Alhamis?

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina gabatar da shiri kan gyaran mota a wani gidan rediyo nan Kano, za mu naɗa jibi Alhamis ƙarfe 4 na yamma, kuma kalma ta riƙe min ƙafa. Wani direban akori-kura, Hilux mai injin fetur 2.7, da yake ɗauko tumatir daga Kadawa zuwa 'Yan Kaba, ya kira mu makon jiya. Da safe motarsa lafiya lau. Da rana ta take, ga kwanduna a baya, ya taka totur zai wuce tirela, sai ta fara sarƙewa, ta yi jijjiga, ta ɗauke. Ya tsaya gefen titi kamar minti 20, ta tashi kamar ba ita ba. An canja masa fulogi, an wanke nozul (ɗan bakin da ke zuba mai cikin inji), har wani ya ce burin bokis ne, wato kwamfutar inji. Sai da aka ɗaura mata ma'auni aka ga allura tana faɗuwa duk sa'ad da aka ba ta wuta. Abin da Bature ke kira low fuel pressure ke nan.

Na rubuta "ƙarancin matsin mai". Furodusata ta karanta ta ce wallahi ita layin gidan mai ta hango. Ina neman Hausar abu uku: ita fireshar, da mutuwar da mota ke yi tana cikin tafiya, da ɗan ƙarfen nan regileta mai daidaita fireshar.

Ummu Hanan (mai fassara):
Wa'alaikumus salam. Furodusarka ta yi gaskiya. "Matsi" ya riga ya tare a wurin matsin rayuwa da matsin lamba, ka haɗa shi da "mai" da "ƙaranci" a ƙasar nan, to ka gama aika mutane gidan mai. Me zai hana ka bi sawun "hawan jini"? Kowa ya san shi. Sai ka ce saukar mai.

Sadiq na Gwale:
Hajiya, "saukar mai" ai farashi za a ji. Mai ya hau, mai ya sauka. Ni dai ƙarfin mai nake gani.

Ummu Hanan (mai fassara):
Ka kama ni, na janye. Amma "ƙarfin mai" ma da sauransa, don za a iya ɗauka ingancin man ake nufi, wato mai kyau da gurɓatacce.

Malam Na-Tsohuwar-Kasuwa:
Duk kuna kewaye-kewaye alhali kalmar tana gabanku. Hausa tana da "tsartu". Ruwa ya tsartu, jini ya tsartu. Sunan aikinsa tsartuwa. Wannan shi ne fitar abu mai ruwa-ruwa da ƙarfi ta ƙaramar kafa. Saboda haka: tsartuwar mai. Idan ta yi ƙasa, raunin tsartuwa. Shi kuma abin da kuke ce wa nozul, a kira shi tsartau, bisa ƙirar mantau da makarau. Na shekara ina koya wa ɗalibaina wannan, ba wanda ya kasa ganewa.

Oga Panteka:
Allah ya gafarta Malam, shekarata 31 a ƙarƙashin mota, bari in sa baki. Tsartuwa tana faruwa ne a bakin nozul. Mu kuwa abin da muke aunawa yana cikin rufaffen bututu, inda ko ɗigo ba ya fita. Ka kama tiyon ban ruwa, ka toshe bakinsa da babban yatsa. Wannan turin da kake ji a yatsanka kafin ka saki, shi ne firesha. Tsartuwar da za ka gani bayan ka ɗaga yatsa, 'yarsa ce.

Baban Khalifa, ga abin da ya kamata masu saurarenka su ji. Famfo yana cikin tanki, yana turo fetur zuwa bututun da nozuloli suke. Da bar ko psi ake auna firesha, kuma a irin wannan Hilux ana son allura ta tsaya wajen bar 3, wato psi 40 da 'yan kai. Tsohuwar mota mai kafireta psi 4 zuwa 7 ya ishe ta, shi ya sa tsofaffin direbobin Fijo ba su san wannan ciwon ba. Famfon da ya gaji zai iya ba ka bar 3 a silo, wato inji na aiki ba a taka totur ba, don inji ba ya shan mai sosai a lokacin. Ka ɗora kaya ka taka totur, inji ya buɗe baki, famfo ya kasa cika masa, allura ta zube, iska ta fi mai yawa, mota ta sarƙe. Don haka wanda ya auna a silo kaɗai ya ce lafiya, bai auna ba.

Baban Khalifa:
Oga, Allah ya ƙara basira. To me ya sa sai ta yi zafi?

Oga Panteka:
Famfon lantarki ne, kuma man da yake ciki shi ke sanyaya shi. Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 mutane suka koma shan lita 5, lita 7, tanki kullum a ƙasa. Famfo ya yi ta zafi, yana kuma tsotso dattin gindin tanki. Ga man bumburutu da ake juyewa daga jarka. Makon da ya wuce na ciro famfon wata, 'yar rariyar da ke bakinsa da ya kamata ta zama fara ta koma kamar an tsoma ta a kunun kanwa, na matse ta da yatsa laka ta fito. Famfon kansa ƙalau yake. Rariya da filta muka canja, mota ta tafi.

Malam Na-Tsohuwar-Kasuwa:
Ku duba mini wannan rubutu don Allah. Firesha, nozul, silo, totur, filta, famfo. Ina Hausar take? Wannan shi ne abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Yaro ya tashi yana jin cewa duk abin da ya shafi ilmi sai an aro masa suna, harshensa na cefane ne da gaisuwa kawai. In gidan rediyo bai gyara ba, wa zai gyara?

Oga Panteka:
Malam, da girmanka, amma ba zan karɓi wannan ba. Yarana 9 a gareji, akwai waɗanda ba su gama firamare ba, ba sa jin Turanci ko na sisin kwabo, kuma da waɗannan kalmomin suke sauke inji su mayar. Ka je ka ce wa Bature "totur" ko "kuloci" ko "lagireto" ka ga in zai gane. Mun tauna su, sun zama namu. Kullum sai a zauna a ofis a ƙirƙiro mana suna, ba a taɓa zuwa an tambaye mu me muke cewa ba, kamar mai baƙin mai a riga ba shi da harshe.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum ƴan'uwa. Ku tuna da mu dai, rediyonku na ƙetare iyaka. Nan wajenmu fetur isansi ne, fulogi buji ne, gas ɗinku gazuwal ne. Ku kun ara daga Ingilishi, mu daga Faransanci. In ka ce "firesha" a Kano an gane, direban Zinder ko Maraɗi sai ya yi tunani. A nan ina bayan Malam: kalmar da ta fito daga cikin Hausa ita ce ke haɗa mu. Amma tsartuwa ba ta yi mini ba, hujjar Oga ta fi ƙarfi.

Sadiq na Gwale:
Kano ce cibiyar Hausa ai, abin da aka faɗa a nan shi ake bi.

Ɗan Damagaram:
Daidaitacciyar Hausa a kan karin Kano aka gina ta, ban musa ba. Amma aron da kuka yi wa Ingilishi ba ya cikin gadon da za ku ce mu bi. Kakana bai taɓa jin "fulogi" ba, kuma Hausarsa ba ta da ƙura.

Ummu Hanan (mai fassara):
Don Allah a bar wannan, bawan Allah yana da naɗi jibi. Sadiq, ka ja maganarka, ba ta yi daɗi ba.

Na sake karanta bayanin Oga. Shi da kansa ya ba mu kalmar bai lura ba: "wannan turin da kake ji a yatsanka". Turi. Ƙarfin turin mai. Ba ya nufin farashi, ba ya nufin layi, ba ya nufin inganci. Kuma yana karɓar jimla yadda ake so: turin mai ya yi rauni, turin ya faɗi, a auna turin, famfo ba ya turi. Abin da nake nema a kalma ke nan, in iya juya ta ba tare da ta karye ba.

Abin ya shafe ni ne ma. Bara akori-kurar da muke kai ruwan leda da ita ta yi wannan ciwon. Ana ce mini "mai ba ya zuwa", ni kuma ina kallon tanki cike, na kasa gane me ake nufi. Famfo biyu na saya a wani shago cikin wata ɗaya. Ashe wayar da ke kai masa wuta ce ta ci tsatsa a wajen soket, wuta ba ta isa, famfo yana juyawa a gajiye. Da wani ya ce mini man yana nan, turinsa ne babu, da na tambayi abin da ke hana turin kafin in zura hannu a jaka.

Oga Panteka:
Hajiya, haka ne, kuma ana yawan yi. Kafin a taɓa famfo a duba fis, a duba rile (makunnin da ke ba famfo wuta), a auna wutar da ke isa gare shi. A kuma buɗe murfin tanki bayan ta mutu: in ka ji ya ja iska da ƙarfi kuma ta tashi nan take, to mashaƙar tankin ce ta toshe. Wani abu kuma, ana cewa ka murɗa makulli ka saurari kukan famfo. A Toyota da yawa famfo ba ya tashi sai an buga kiki, kada mutum ya ji shiru ya yanke masa hukunci. Turi kam na yarda, don ko a gareji mukan ce famfo ba ya turowa.

Malam Na-Tsohuwar-Kasuwa:
Turi na kura ne da baro. Abu mai ruwa ba a tura shi, ana kwarara shi ko a tsarta shi. Kuma kalma uku ce, ƙarfin, turin, mai. Tsartuwa ɗaya ce tak.

Sadiq na Gwale:
Ɗan Damagaram, ka yi haƙuri, na yi kuskure. Malam kuma, ai muna cewa ruwa ya turo ƙasa, ambaliya ta ture katanga.

Baban Khalifa:
Jama'a, saura biyu fa. Mutuwar motar da regileta. Sannan filta, na rubuta "matatar mai".

Ɗan Damagaram:
Kada ka soma. Matatar mai ita ce irin ta Kaduna ko SORAZ tamu ta nan Zinder. Ka ce direba ya canja matatar mai, za a yi ta mamaki. Mataci shi ne abin tacewa, kamar ma'auni da mabuɗi. Matacin mai.

Ummu Hanan (mai fassara):
Mataci ya zauna daram. Ta cikin tankin kuma a bar ta rariya yadda Oga ya kira ta. Mutuwar mota ba ta buƙatar ƙirƙira, direbanka ya riga ya faɗa: ta sarƙe, sannan ta ɗauke. Mataki biyu ne, ka riƙe su duka. Regileta kuwa, madaidaici?

Oga Panteka:
Madaidaici yana nufin abu tsaka-tsaki a kunnena, kamar madaidaicin mutum. Aikinsa shi ne in turi ya wuce ƙima ya buɗe ya mayar da rarar mai tanki. A wasu motoci yana kan bututun nozuloli da ɗan tiyon iska a kansa, in ka zare tiyon ka ga fetur a ciki to ya fashe. A sababbi yana cikin tanki tare da famfo. In ya saki, ko bawul ɗin famfo ya saki, ko nozul yana ɗiga, turi ba ya zama bayan an kashe mota. Ƙa'idar Toyota ita ce ya riƙe aƙalla bar 1 da rabi har minti 5. Ni regileta na sani. Kuma don Allah ka faɗa a shirin: wannan duk na fetur ne. Hilux mai gas ta zamani turinta ya haura bar 1,000, yana huda fatar mutum, ba a kwance bututunta inji na aiki. Ko ta fetur ɗin a sauke turi kafin a kwance, a sa tsumma, a nisanta da wuta.

Malam Na-Tsohuwar-Kasuwa:
A kira shi mai-tsaron-tsartuwa.

Baban Khalifa:
Malam, Allah ya ƙara girma, a bakin makirufo ba zan iya wannan ba. Ga abin da na rubuta, furodusa ta sa hannu: "Tanki cike yake, amma ƙarfin turin mai, abin da kanikawa ke kira firesha, ya yi rauni." Sau ɗaya zan ambaci firesha, daga nan turi har ƙarshe. Mataci da rariya sun shiga. A wajen nozul zan ce yana tsarta mai cikin inji, don a nan kalmar Malam ta fi feshi dacewa. Regileta na bar shi yadda yake, zan bi shi da bayanin Oga.

Malam Na-Tsohuwar-Kasuwa:
Ban gamsu ba, kuma a ajina tsartuwa zan ci gaba da koyarwa. Amma tunda ta shiga ko ta taga ce, zan kunna rediyo. Regileta kuma ban yafe ba, zan dawo da wata.

Ɗan Damagaram:
In an sa shirin a intanet a turo mana. Ina so in kai wa wani maigidan gareji nan, in ji ko "turi" zai shige shi ba tare da an yi mishi bayani ba.

Oga Panteka:
Baban Khalifa, in za ka iya shigowa Kaduna gobe kafin azahar, akwai wata Hilux da aka kawo da irin wannan ciwon, ban taɓa ta ba tukuna. Ka zo da na'urar naɗinka, in ɗaura ma'auni, ka ga allurar da idonka, ka kuma ɗauki kukan famfon. Ka sa rigar da ba ka jin tausayinta.