Baffana ya ajiye kalangu, ya ce in goge hotunansa. In goge?

Mai Hoton Fadama:

Assalamu alaikum jama'a. Wani abu ne ya tsaya mini a rai yau kusan sati uku, na ce bari in kawo shi nan ko a samu wanda ya fi ni hangen nesa.

Sana'ata hoto. Biki, suna, walimar sauka, fasfo na masu cike takardar makaranta, duk ina yi. Ƙauyenmu yana ƙasar Auyo, bakin fadama, mutanen shinkafa da alkama da su. Kyamarata tsohuwar Nikon D3100 ce ta hannu da na saya a Kano, batirinta biyu, wurin mai cajin waya nake kai su.

Ambaliyar 2022 ce ta juya mini tunani. Duk wanda yake yankin Haɗejia ya san yadda kacala ta toshe hanyoyin ruwa, kogi ya rasa inda zai bi sai gonaki da gidaje. Ɗakin Innarmu ya zauna cikin dare. Bayan ruwa ya janye muka tono akwatinta na ƙarfe, hotunan gidanmu gaba ɗaya suna ciki a wata ledar atamfa, sun manne da juna kamar an dafa su. Mahaifinmu ya rasu tun 2009, hotonsa ɗaya ne tak a duniya, ɗan fasfo, shi ma rabin fuskar ya tafi. Yanzu in ɗana ya tambaye ni kamannin kakansa sai in nuna masa Baffa in ce ga goshin, ga hancin. Ni da nake yawon ɗaukar amaren mutane shekara da shekaru, ban taɓa juya kyamara cikin gidanmu ba.

Tun daga nan na fara ɗaukar namu, ba don kuɗi ba. Inna tana cura fura. Wazifa bayan magariba, dattawa sun kewaye farin ƙyalle, hasken ƙwan sola guda ɗaya a kansu. Almajirai da asuba a bakin wuta lokacin sanyi, kowa da allonsa a cinya. Matasa suna yaɓe katangar masallaci. Sai kuma Baffa, wanda shi ne dalilin rubutun nan.

Gidanmu gidan makaɗan Sarkin Fawa ne tun kaka da kakanni. Mahaifinmu ya bar kiɗa da wuri ya kama noma, ƙanensa Baffa ya riƙe. Shi ne na ƙarshe, don a 'ya'yansa ba wanda ya koya, bikin ma yanzu DJ ake ɗaukowa daga Haɗejia da janareta. Shekara biyu ina binsa ranar kasuwa. Akwai hoton da yake gaban rumfar mahauta, kalangu a hammata, ya matse tsirkiya har jijiyar wuyansa ta fito, wani mahauci ya tsaya da wuƙa a sama don an taɓo masa takensa. Akwai wanda yake zaune a zaure da hantsi ya kwance kalangun, ya riƙe bakin tsirkiya da haƙori yana ja da hannu biyu, sabuwar fatar ɗan akuya tana jiƙe a ƙwarya gefensa. Gaba ɗaya 214 ne, da bidiyo guda. Huɗu na taɓa sawa a Facebook.

Bayan azumin da ya wuce ya yi jinya mai tsanani, har an fidda rai. Da ya tashi sai ya rataye kalangu. Yanzu shi ke share masallaci, sahun farko ba ya wuce shi. Ran nan ya kira ni zaure ya ce, "Ɗana, hotunan nan da ka yi ta ɗaukata, ka goge su. Ba na son ina kwance a kabari ana nuna ni da ganga a hammata." Na ce, "To, Baffa."

Ban goge ba. Na buɗe su ya fi sau goma, hannuna ya ƙi. In na goge, shi ke nan kiɗan gidanmu ya bi hoton mahaifina. In na ɓoye, na yi wa uba ƙarya. Me kuka gani?

Tsohon Hedimasta:

Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Baffa lafiya, ya sa jinya ta zama kaffara.

Yaro, ba zan shiga maganar hukuncin kiɗa ko na hoto ba. Malamai sun yi saɓani a kan duka biyun, kuma ba shi ka tambaya ba. Abin da na riƙe a rubutunka shi ne "To, Baffa" ɗin nan. Ka riga ka amsa. Mutumin nan yana can yana sallarsa hankali kwance, ya ɗauka an gama, kai kuma kana nan da kayansa a aljihu. Wannan ɓoyon shi ne ba zan ba ka shawararsa ba ko kaɗan, domin ranar da zai rasu, in Allah ya sa ya riga ka, ba za ka iya kallon hotunan da daɗi ba.

Amma amsawa ba ta hana komawa. Mu Hausawa kunya ke sa mu ce "to" a gaban babba ko da cikinmu bai yarda ba, shi ma Baffa ya san haka. Koma ka durƙusa ka ce ka kasa, ka faɗa masa dalili kamar yadda ka faɗa mana, da maganar fasfon yayansa. Ka kuma saurara da kyau ka ji mene ne ainihin abin da yake gudu. "Ana nuna ni" ya ce. Mai yiwuwa tallar da shi a waya ce ba ya so, ba zaman hoton a ƙasan adaka ba. In kana jin nauyi, tafi da Innarku ko limamin da yake jin maganarsa. In bayan haka ya ce a goge, to a goge.

Ɗan Wudil Studiyo:

Ranka ya daɗe Hedimasta, a gafarce ni, ni dai ina roƙon abokin sana'a kada ya yi gaggawar danna wannan maɓallin. Abin da aka goge ba ya jin ban haƙuri.

Je ka Gidan Makama a Kano ka dubi tsofaffin hotunan da ke rataye. Sarakuna da Turawa ne masu suna. Talaka in ya fito a irin hotunan zamanin mulkin mallaka, makaɗi ne ko mahauci ko mai rini, yawanci ba suna ba gari, baƙo ne ya ɗauka ya wuce. Ko zanen shanun da ke jikin duwatsun Birnin Kudu, ana zuwa kallo har daga ƙasashen waje, amma ba mai iya ce maka ga wanda ya zana. Kai kuwa ɗan gida ne, ka san sunan mai kiɗan, ka san na wanda ake yi wa, ka san taken. Mu nawa ne a Kano da Jigawa muke da irin wannan a memori? Kullum amarya da ango, ango da amarya, sai abokan ango sun jeru da hula iri ɗaya.

Ni na yi asarar da har yau take cina. Shekara uku ina ɗaukar masu dambe da masu kiɗansu bayan kaka, duk a memori ɗaya mai arha da na saya a tasha. Rana ɗaya ya ce sai an yi masa fomat. Don haka ko me kuka yanke da Baffa, sauran aikin naka, na Inna da wazifa da almajirai, ka raba shi wuri uku: filasha, waya ko kwamfutar wani amintacce a wani garin da ruwa ba ya ci, sannan intanet. Google na ba da 15GB kyauta. Kada ka dogara da Facebook ko WhatsApp, suna matse hoto su rage masa ƙarfi, in ka zo wankewa babba sai ya fashe. Waɗanda suka fi maka daraja ka wanke su a kati, ka rubuta suna da gari da shekara a baya da fensir, biro yana huda kati ya fito ta gaba. Kuma don Allah kada ka kai tsohon hoto a yi masa laminatin. Zafi ne da gam, in ya shiga ba ya fitowa.

Af, huɗun nan na Facebook, ko ka sauke su wani ya riga ya adana. Gara ka faɗa wa Baffa gaskiyar wannan ma.

Abu Huzaifa:

Bawan Allah ya tuba kai kuma kana neman ajiye masa shaida. Goge kawai ka taya shi. Tarihin kalangu me zai amfana maka ranar hisabi?

Gwaggon Yara, Gumel:

Abu Huzaifa, a bi a hankali, wanda ya zo neman shawara ba faɗa ya zo nema ba.

Ƙanina, duk maza sun yi magana a kan Baffa, ni Inna nake son tambaya. Ita ka tambaye ta? Da matan gidan da kake ɗauka suna daka da ɗaurin ƙirji? Baffa namiji ne, ya iya kiran ka zaure ya ce goge. Matar yayanka ba za ta iya ba, sai dai ta ja mayafi ta yi dariya, kai kuma ka ɗauka ta yarda. Na faɗi haka ne don ya faru da ni. Ranar kamuna wani mai hoto ya ɗauke ni ina kuka, lalle a hannu, kai ba ɗankwali. Bayan wata biyu ƙanen mijina ya gan ni manne a allon tallarsa bakin kasuwa. An kai ruwa rana kafin ya cire, kuma har yau surukata ba ta manta ba, kamar ni na kai kaina.

Duk da haka na san zafin da kake ji. Kakata ta wajen uwa gwanar kiɗan ƙwarya ce, ba a bikin da za a yi a unguwarsu ba a aiko mata da goro ba. In ta kifa ƙwarya a kan ruwa ta fara, har tsofaffi sai sun tashi. Da ta dawo daga Makka ta bari, ta kuma hana a ambata. Ba hoto, ba kaset. Yanzu ko baiti biyu na waƙoƙinta ba mai iya kawowa a zuri'arta, ni ma amshin kawai nake tunawa.

Shawarata, kada ka je masa da waya. Tsoho ba ya yarda da abin da ke cikin gilashi, gani yake duk duniya na leƙensa. Wanke kamar goma a kati, ka zuba a ambulan, ka ajiye a gabansa ka ce nasa ne, ya yi yadda ya ga dama. Ka bar shi ya taɓa su da hannunsa. Sannan ka roƙe shi abin da ba kiɗa ba: ya zauna ya ba ka labari da baki, wa ya koya masa, taken wane mahauci ne me, kai kana naɗa ko kana rubutawa. Kalangun ma ka ɗauke shi shi kaɗai a rataye. Wannan ba na jin zai hana.

Mai Hoton Fadama:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Gwaggo, maganarki ta kama ni. Ban taɓa tambayar matan gidanmu ba, wallahi ko a raina bai zo ba. Na tambaya jiya. Inna ta ce ita ba ruwanta, ta tsufa. Matar yayana ta ce in cire guda uku, na cire.

Na je wurin Baffa shekaranjiya bayan la'asar da kati goma sha biyu. Na fara da cewa ban goge ba. Ya daɗe bai ce komai ba, har na fara da-na-sanin zuwa. Sai ya jawo ambulan ɗin. Abin da ban zata ba, ba kansa yake kallo ba, mutanen bayansa yake bi da yatsa. Wannan ya rasu bara. Wannan ruwa ya tashe shi ya koma Gujungu. Ya kai kan tsohon Sarkin Fawa, wanda ya rasu watanni kaɗan bayan na ɗauki hoton, sai ya ɗaga katin kusa da ido ya yi masa addu'a, ya sa a aljihun gaba. Bai mayar mini ba.

Ya raba su gida biyu a kan tabarma. Duk wanda yake cikin kiɗa baki buɗe, ko an liƙa masa kuɗi a goshi, ya ce a goge, da bidiyon. Na zaure, inda yake ɗaurin fata, ya ce, "Wannan ai aiki ne nake yi, bar shi." Na buɗe kyamara muka bi sauran ɗaya bayan ɗaya har aka kira magariba, muka ƙarasa washegari. Cikin 214 saura 31, da sharaɗin ba za su hau waya ba, na 'ya'ya da jikoki ne. Na mahaucin nan mai wuƙa a sama, wanda nake ganin ban taɓa ɗaukar kamarsa ba, yana cikin waɗanda suka tafi. Na roƙa sau biyu, ya ce a'a. Na goge a gabansa, na goge na filasha da na dawo gida. Ɗan Wudil, na san za ka ce na yi wauta.

Na Facebook na sauke, na kuma faɗa masa wataƙila wani ya adana. Ya ce wannan tsakaninsu da Allah. Labarin baki ya ce sai bayan girbi, in yana raye.

Tambaya ta ƙarshe gare ka Ɗan Wudil. Fasfon mahaifina yana nan manne da wani kati ta baya, ban san hoton waye ba. Akwai yadda za a raba su?

Ɗan Wudil Studiyo:

Ban ce ka yi wauta ba, amma na mahaucin nan ya yi mini ciwo ko da ban gan shi ba.

Fasfon, kafin ka taɓa shi ka ɗauke shi da kyamara tukuna, a inuwa, kusa sosai, gaba da baya, don abin da ya rage na fuskar yana iya narkewa. Kada ka ɓamɓare shi a bushe. Ruwan leda mai sanyi a faranti mai tsabta, ka sa su su jiƙa, ka riƙa gwada gefe a hankali ba tare da ka taɓa fuskar da yatsa ba. In sun saki, ka shanya a inuwa fuska sama, ba rana ba guga. Amma fara gwadawa da wasu biyu daga cikin ledar Inna waɗanda ba ka damu da su ba. In ka ga launi yana bin ruwa, tsaya nan, bar fasfon yadda yake.