Kwance notin salansar tarakta da ya ci tsatsa: abin da aka tattauna

Inda baki ya zo ɗaya:

1. A goge tsatsar da burushin waya, a fesa man kwance noti, a bar shi ya kwana. Gaggawa ce ke karya ƙusar da notin ke ɗaure a jikinta.
2. A yi amfani da soket mai kusurwa 6, don sufana mai buɗaɗɗen baki kan cinye kan notin.
3. A ɗan ƙara ɗaure shi tukuna, sannan a riƙa kai da komo a hankali, ana ɗan bubbuga shi da guduma.
4. In ya ƙi, sai wuta. Notin ake gasawa har ya yi ja, domin ya buɗe ya saki ƙusar. A kula da bututun mai da wayoyi.

An rabu kan watsa ruwa bayan gashin. Wasu sun ce yana fasa tsatsa, wasu sun ce manifol, wato ƙarfen da ke tattara hayaƙin inji zuwa salansa, na iya tsagewa. Ni dai ina tare da na biyun, manifol ya fi noti tsada nesa ba kusa ba.

Wasu kuma sun ce a yanke notin kawai a huta. In ƙusar ta karye, a yi wa guntun waldar sabon noti a juya. Wajen mayarwa, notin tagulla da man hana kamewa.