Neman kalma: me za mu kira "milkvetch" da Hausa?

Mai Fassara: Salamu alaikum malamai. Ranar Alhamis za a naɗi shirin tsirran hamadar Arizona ta Amurka. Na maƙale a kan milkvetch, wato Astragalus lentiginosus. Dangin wake ne, furensa shunayya ko fari-fari. "Waken madara" zai shiga?

Malamin Tsirrai: Wa alaikumus salam. Ba zai shiga ba. Mai sauraro zai zaci yana fitar da farin ruwa irin na tumfafiya, alhali ba ya yi. Sunan ya samo asali ne daga tsohon zaton cewa yana ƙara wa awaki nono. A kwanso ake gane wannan: kumburarre ne, ɗaki biyu a ciki, sau da yawa da ɗigo-ɗigon ja, in ya bushe 'ya'yan na kaɗawa. Ganyen ƙanana ne biyu-biyu a jere, ɗaya a ƙarshe. A duba ƙasan furen kuma: in bakinsa na da tsini wani danginsa ne mai suna Oxytropis, na Astragalus dakusasshe ne.

Likitar Dabbobi: Malam, kalmar madarar nan har haɗari ce. Akwai fangas a cikin tsiron mai samar da gubar swainsonine. Tsiron yana riga ciyawa yin kore, dabba ta yi makonni tana cinsa, sai tangaɗi, rama da ɓari. Doki ya fi saurin kamuwa. Ni dai "waken hauka".

Malamin Tsirrai: Jinsin Astragalus ya kai kusan iri 3,000, ba duka ke da gubar ba.

Baban Zariya: "Waken kacau-kacau". Ko yaro ya ji ya gane.

Likitar Dabbobi: Baba, ai biya-rana ma haka kwansonta ke kaɗawa. Ita furenta ruwan ɗorawa ne, ganyenta ɗaya ko uku. Za a rikita makiyayi.

Alaramma: Larabawa na ce masa ƙatad tun tuni. Me ya hana mu ɗauka?

Baban Zariya: Kullum aro! Hausa ta rasa bakin raɗa wa ciyawa suna ne? Wanda ya raɗa gadagi da zamarke bai je ko'ina aro ba.

Alaramma: Albasa da alkama fa, Baba?

Baban Zariya: Waɗannan sun zauna. Kacau-kacau dai.

Mai Fassara: A yi haƙuri, lokaci ya ƙure. Karon farko zan ce "astaragalus, wani waken daji mai kumburarren kwanso", daga nan "waken daji". Wurin guba in ce "waken hauka", da bayanin cewa wannan irin ake nufi.

Malamin Tsirrai: Waken daji ya yi faɗi da yawa, amma a rediyo zai wuce. In rubutu ne, dole a haɗa da sunan kimiyya.

Baban Zariya: To. Ni ban janye nawa ba.