Hoto na fitowa a tele, amma amfili bai ba da sauti

Ɗan Bukoki, Yamai:
Assalamu alaikum. Na sayi amfili na hannu mai lasifika biyar da babbar lasifikar ƙasa, na haɗa dekodar Canal+ da tele ta wayar HDMI, sannan na ja wata wayar daga tele zuwa amfilin. Hoto yana fitowa lafiya lau, amma sauti daga tele kaɗai yake fita. Ina kuskuren yake?

Mai gyaran tele, Tawa:
Wa alaikumus salam, malam. Matsalar tana wajen jeren haɗin. Amfili shi ne mahaɗa, saboda haka wayar dekoda ta fara shiga ɗaya daga cikin ramukansa masu alamar IN, daga nan wata ta fita daga ramin OUT zuwa tele. In kuma kana son sautin YouTube na cikin tele ya koma wa amfilin, sai ka nemi ramin da aka rubuta wa ARC a bayan telen, domin galibi shi kaɗai ne ke mayar da sauti baya, kuma ba ya aiki sai an kunna CEC, saitin da ke sa na'urori su yi magana da juna ta wayar HDMI, wanda Samsung ke kira Anynet+, LG kuma SimpLink. ARC ta zo ne da HDMI 1.4 a 2009, don haka amfilin da ya girme ta ba shi da ita. Nan sai wayar optik.

Wani dattijo, Yantala:
Ɗana, kafin komai ka duba rubutun da ke bayan na'urar. Wutarmu bolt 220 ce, kayan Amurka kuwa na 120 ne, kuma ni kaina na taɓa ƙona ɗaya a daren da aka kawo mini shi. Wayoyin lasifika ma, ja ya tafi ga ja, baƙi ga baƙi, in ba haka ba kaurin sautin zai ragu.

Ɗan Bukoki, Yamai:
Na gode, Baba, nawa na 220 ne. Na sake jeren kuma sauti ya fito, sai dai lasifikan baya biyu suna shiru lokacin labarai.

Mai gyaran tele, Tawa:
Wannan ba lalacewa ba ce. Labarai yawanci da hanyar sauti biyu ake watsa su, hagu da dama. Ka zaɓi Dolby Digital a saitin sautin dekodar, sannan ka gwada da fim mai 5.1, wato sautin da aka raba wa lasifika biyar da babbar lasifikar ƙasa.