Bobcat da dabarar jawo ta: me za mu ce da Hausa?

Jama'a, a kawo ɗauki. Daren jiya ina fassara wani bidiyon maharban Texas sai na cije a wuri biyu: sunan dabbar da suke nema, bobcat, da dabarar da suke jawo ta da ita.

Dabbar dangin kyanwa ce, daga kudancin Kanada har Meziko ake samunta. Ta kai biyun kyanwar gida, jiki dabbare-dabbare, ga ɗan tukkun baƙin gashi a kunne. Wutsiya kuwa guntuwa kamar an datse, daga nan ma sunan Turancin ya fito. A Texas ana farautarta a kowane lokaci na shekara, Kalifoniya kuma ta hana tun 2020.

Na rubuta "kyanwar daji", na goge. Muna da tamu mai doguwar wutsiya, ita mai karatu zai hango. Wani ɗan'uwa ya ce "ƙaramar damisa". Haba Malam, wannan ai zuzutawa ce, dabbar da yawancin cimarta zomo ne da ɓeraye! Wani dattijo daga Maraɗi ne ya raba gardama: "mai guntun bindi". Allah ya ƙara girma, Baba, na ɗauka.

Ta biyun, wato dabarar jawo ta, ta fi ba ni wuya. Maharbi zai jingina da kututture ya lafe, ya busa ɗan usur ko ya kunna na'ura irin ta FoxPro, kuka ya riƙa fita kamar na zomon da aka danƙe, ko tsuntsun da ya jikkata. Dilan can yakan taho a guje, nan da nan an gama. Mai guntun bindi kuwa sanɗa take yi: taku uku, ta tsugunna, ta zuba ido. Sai a share rabin sa'a, wani lokaci sa'a guda, ashe tana gindin wani ɗan kurmi tana kallonka. Ka motsa hannu ka kori ƙuda, shi ke nan, ta sulale. Shi ya sa suke rataye gashin tsuntsu a sanda yana lilo, don idonta ya koma can.

"Kira" ya yi kaɗan, ai ba akuya ba ce da za a ce mata zo. Wani ya kawo "burtu", na kuwa ji daɗinsa, don maharbanmu sun daɗe suna ɗaura kan burtu a goshi su sunkuya har su kusanci nama. Amma duba: burtu ido yake ruɗa, kuma maharbi ne ke zuwa. A nan kunne ake ruɗa, naman ne ke kawo kansa.

Don haka na sa "kukan yaudara", abin busawar kuma "usur ɗin yaudara". Burtun ban yar ba, na ba wa gashin nan mai lilo.